A Yi Dim: Haske, Ido da Haƙƙin Hanya

Laccar da aka gabatar a Jahun ga direbobi, masu babura da ɗaliban sakandare

 



Kalmar da ta tara mu yau gajera ce, harafi uku kacal, kuma babu direban da ke zauren nan da bai taɓa faɗinta cikin fushi ba: dim. "Malam, ka yi dim mana!" "Wallahi mai tirelar nan bai san dim ba." Daga Turanci muka aro ta, ta zauna a bakinmu kamar yadda birki da sitiyari da giya suka zauna. A wurin masu harshen, abu mai dim shi ne wanda haskensa ya dusashe, kamar ƙwan lantarki idan wuta ta zo ba ƙarfi, ko ido idan tsufa ya sa yana gani dishi-dishi. Suna kuma amfani da ita a matsayin aikatau, wato a rage wa abu haske da gangan: fitilar ɗaki, ko fuskar waya, ko ta talabijin. Ɗalibai, ku riƙe wannan bambancin don jarrabawa: dim ragewa ce, ba kashewa ba. Wanda aka ce ya yi dim ya kashe fitila gaba ɗaya bai yi abin da aka ce ba.

A kan mota kuwa, Turawan ma ba bakinsu ɗaya ba. Mutanen Amurka dim suke cewa, kamar mu. Mutanen Ingila kuma dip suke cewa, ma'ana a sunkuyar, a karkatar da abu ƙasa. Ni a ganina na Ingila sun fi kusa da gaskiyar abin da ke faruwa a cikin fitilar, kuma rashin sanin wannan gaskiyar na cikin abin da ke hana direbobinmu yin dim.

Ku tambayi direban da ya ƙi sauke fitila dalilinsa. Zai ce muku idan ya yi dim ba ya gani, haskensa ya ragu, wancan zai fi shi. To ku je wurin mai wayarin ku ce ya nuna muku ƙwan fitila irin wanda ake kira H4, wanda ke cikin motocin haya da yawa. A jikinsa za ku ga an rubuta 60 da 55. Wato wat 60 yake ci idan ka ba shi ful, wat 55 idan ka yi dim. Bambancin wat biyar ne tak. Ku ɗaga ƙwan ku duba cikinsa da kyau: za ku ga siraran wayoyi biyu, ɗaya a fili, ɗaya kuma an yi mata ɗan faranti na ƙarfe a ƙarƙashinta. Wannan farantin shi ne dim ɗin. Yana tare hasken da zai fita ya tashi sama, ya bar wanda zai bugi madubin da ke bayan ƙwan ya dawo ya zuba a kan kwalta. Wutar da ƙwan ke ci kusan ɗaya ce, inda hasken yake sauka ne ya canja. Da ful yana tafiya miƙe, daidai tsayin idon wanda ke tahowa. Da dim yana kwanciya a ƙasa, inda rami yake, inda akuya take, inda tayarka za ta taka.

Ba jiya aka gano wannan ba. Motocin farko da fitilar gas da ta mai suke tafiya, da lantarki ya shigo sai mutane suka fara kukan ana kashe musu ido. A 1924 aka fitar da ƙwai mai waya biyu a Turai, mai suna Bilux, wanda shi ne kakan wannan da muke saye a kasuwa. A 1962 aka kawo ƙwan halojin, a 1991 kamfanin BMW ya fara sa farar fitilar nan ta zenon, daga baya kuma LED ta zo ta game ko'ina. Kowane sabon ƙwai ya fi na baya haske. Idon ɗan'adam kuwa yana nan yadda Allah ya halicce shi, ba a sake masa samfuri ba.

A nan nake son mu ɗan daɗe, domin idon ne asalin maganar.

Shekaru dubu da suka wuce, wani malami Musulmi haifaffen Basra, Alhasan Ibnul Haisam, ya zauna a Alƙahira ya rubuta littafinsa Kitabul Manazir a kan yadda gani ke faruwa. Kafin shi, masana da yawa sun ɗauka cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da ake kallo. Shi ya tsaya a kan cewa haske shigowa yake yi, kuma cikin hujjojinsa akwai abu biyu da kowane direban dare ya sani a jikinsa: kallon haske mai ƙarfi yana sa ido ciwo, kuma idan ka kau da kai, alamar hasken tana biyo ka ta tsaya a gabanka na ɗan lokaci. Wannan ɗan lokacin shi ne inda ake mutuwa a hanyoyinmu.

Ga yadda abin yake. Baƙin da ke tsakiyar ido ƙofa ce, tana buɗewa tana tsukewa. Cikin duhu takan buɗe har kusan milimita 8 don ta kwashi ɗan hasken da ke akwai, cikin rana ta tsuke zuwa kusan milimita 2. A can ƙuryar ido kuma akwai ƙwayoyin gani iri biyu, na rana masu bambance launi, da na dare masu kama ɗan motsi da inuwa. Na daren nan suna aiki ne da wani sinadari wanda haske mai ƙarfi ke wanke shi nan take, amma sake haɗa shi sai a hankali. Shi ya sa wanda ya shiga ɗaki mai duhu daga tsakar rana yake laluben bango, kuma sai ya yi minti 20 zuwa 30 kafin idonsa ya gama sabawa. Direban da ya taso daga Kiyawa bayan isha'i, kafin ya yi nisa idonsa ya buɗe, ya saba da duhu. Sai wani ya fito daga kwana ya dalle shi da ful. Ƙofar idon tana wangale, hasken ya afka ciki gaba ɗaya. Motar ta wuce, amma idon bai dawo ba sai bayan wasu daƙiƙoƙi.

Wani zai ce daƙiƙa nawa ce? Mu yi lissafi, ɗalibai ku taya mu. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan idon direba ya ɗauke na daƙiƙa huɗu, ya shafe mita 110 da ɗoriya, wato ya fi tsawon filin ƙwallo, da mutum goma ko fiye a bayansa, bai ga komai ba. Hannunsa na kan sitiyari, idonsa a buɗe, amma ba ya gani.

Yanzu ku ɗora wannan a kan hanyar da kuka sani, daga nan zuwa Gujungu ko zuwa Kiyawa, ranar kasuwa da kaka. Hanya ce guda, mai zuwa da mai dawowa suna goga kafaɗa, ba kamar babban titin Kano zuwa Maiduguri ba inda aka raba hannu biyu a wurare da dama. Magariba ta yi, an tashi daga kasuwa. Ga amalanken shanu ɗauke da dammunan gero, tana tafe a gefen kwalta, rabin tayarta a kai, ba fitila, ba ƙyalli, yaro ɗan shekara goma sha biyu zaune a kan kaya yana kora. Daga bayanta ga Golf cike da fasinja. Daga gaba ga babbar mota ta taho da ful. Direban Golf ya ƙyafta mata fitila sau ɗaya, sau biyu, ba ta sauke ba. Zuciya ta ɗebe shi, shi ma ya danna nasa ful ɗin. Yanzu makafi biyu ne ke tunkarar juna, kuma amalanken tana tsakiyar farin hasken da ya haɗe, inda babu wanda zai iya bambance ta da duhun daji. Wanda bai ji ba bai gani ba a wannan rigima shi ne yaron da ke kan gero.

Wannan ramuwar ita nake son mu kashe a zukatanmu yau. Na san abin da ake cewa a tasha: idan ka yi masa dim bai yi maka ba, ya raina ka. To amma idan ka rama, me ka samu? Ka makantar da mutumin da ke riƙe da tan talatin yana nufo ka. Da idonsa yana gani, ko ba ya da kirki, zai kauce maka don ya tsira da motarsa. Da ka kashe masa ido, ka cire abu na ƙarshe da ke tsakaninka da shi. Abin yi idan an dalle ka shi ne ka ƙyafta sau ɗaya don tunatarwa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka kau da idonka daga fitilarsa zuwa bakin kwalta na hannun damanka, ka bi wannan layin har ya wuce. Idan abin ya yi tsanani, ka sauka gefe ka tsaya. Ba a taɓa kai gawa maƙabarta don ta makara da minti biyu ba.

Iyayena direbobi da kuka haura hamsin, da ku nake wannan gaɓar, kuma cikin girmamawa. Likitocin ido sun ƙiyasta cewa hasken da ke isa ƙuryar idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya ne cikin uku na wanda ke isa ta ɗan shekara 20. Ga shi kuma idon babba ya fi daɗewa kafin ya farfaɗo idan an dalle shi. Idan yanar ido ta fara taruwa, kowace fitila takan zama kamar ta fashe, ta yi rassa ta cika gilashi. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan Nijeriya, alhali aikinta ɗan gajere ne kuma ana yin sa a Dutse da Kano. Akwai kuma dundumi, wanda sau da yawa rashin sinadarin bitamin A ke kawo shi, ga shi kuwa muna da zogale da manja da hanta da mangwaro. Direban da ya ga tuƙin dare ya fara yi masa wuya, ya je a duba idonsa. Ƙwarewar shekara talatin ba ta maye gurbin ido.

Sai dai ba kowane mai kashe ido ne mugu ba. Akwai direbobi da yawa da ke kan dim, tsakaninsu da Allah, amma fitilarsu na dukan idon mutane, su kuma suna mamakin me ya sa kowa ke ƙyafta musu. Dalili na farko lodi ne. Ka cika but da buhunan riɗi, ka ɗaure wasu a sama, mutum huɗu a baya, sai bayan mota ya zauna, hancinta ya ɗaga. Hasken da aka saita ya kwanta a ƙasa sai ya tashi sama, dim ɗinka ya koma ful. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, an rubuta masa 0, 1, 2, 3. Aikinsa ke nan, ya sunkuyar da fitila idan an yi lodi. Na sha ganin direban da ya shekara da mota bai san amfanin wannan maɓalli ba.

Sai maganar fararen ƙwayayen LED da suka cika kasuwa. Gidan fitilar da aka ƙera don halojin an auna madubinsa ne daidai da inda siririyar wayar nan take. Idan ka cire ta ka cusa LED mai arha wanda haskensa ke fitowa daga wani gurbi dabam, madubin ba zai iya tattara shi ba, sai ya warwatsu sama da ƙasa. Kai a ciki kana ganin gabanka fari fes kana jin daɗi, na waje kuwa ya shiga uku, kuma nesa ɗin da kake buƙatar gani ba lallai ta ƙaru ba. Ƙannena masu babura, wannan ya fi yawa a wurinku, har da masu ƙara wasu fitilu biyu ko uku a kan ƙarfen gaba waɗanda ba su da dim sam. Ku tuna ku ne ba ku da ƙarfen da zai kare ku idan mai mota ya rasa inda kuke. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da babura, kuma yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Akwai wani dalilin da ba kowa ya lura da shi ba. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Fitilar motar da aka ƙera don irin hanyarmu ba a miƙe take yanka haske ba: ta hagu tana kwantar da shi don kare idon mai tahowa, ta dama kuma tana ɗan ɗaga shi don ka ga mai tafiya a gefe da allon hanya. Motar da aka ƙera don Ingila ko Japan akasin haka take. Idan aka shigo da ita aka juya mata sitiyari amma aka bar mata fitilunta na asali, to ɓangaren da ke ɗaga haske yana kallon idon mai tahowa ne kai tsaye. Duk wanda ya sayi motar da aka juya wa sitiyari, ya sa a duba masa wannan.

Gwajin duka waɗannan ba ya cin ko sisi. Bayan magariba, ka sami fili mai lebur da bango a gabansa. Ka matso da mota dab da bangon, ka sa gawayi ka yi alama daidai tsakiyar kowace fitila. Ka ja da baya mita 10 a miƙe, ka kunna dim. Za ka ga hasken ya yanke a bango, ƙasa fari, sama duhu. Wannan layin ya kamata ya sauka ƙasa da alamarka da kamar santimita 10, kusan faɗin tafin hannu, sannan ya ɗan haura ta dama. Idan ya hau saman alamar, kana cutar mutane. Idan babu layin ma sam, haske ne kawai a watse, to ƙwan bai dace da gidan ba. A bayan fitilar akwai kusoshin saiti, mai wayarin zai juya su cikin 'yan mintoci. Ka kuma goge gilashin gaba ciki da waje, domin ƙura da maiƙo suna ninka walƙiyar fitilar da ke tahowa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya hana ful. Ful na da wurinsa. Dim ba ya nuna maka fiye da mita 50 zuwa 60, alhali motar da ke gudun 100 tana buƙatar fiye da mita 70 kafin ta tsaya cik, ko da birkinta lafiya lau. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya yi dim, dole ya rage gudu tare da shi, in ba haka ba yana tafiya ne da saurin da ya wuce ganinsa. Idan daji ne ba kowa, ka ba ta ful. Da ka hango hasken wani, ka sauke tun da nisa. A jihohi da yawa na Amurka doka ta ƙayyade kusan mita 150. Haka idan kana bin bayan wani, domin haskenka na shiga madubinsa ya dawo idonsa. Haka cikin gari, a Jahun ko Aujara ko Harbo, inda yara ke tsallaka titi zuwa makarantar dare. Haka cikin hazon hunturu da ruwan sama mai ƙarfi, inda ful ke bugun ƙura ya dawo maka kamar farin bango. Kuma mai keke da mai tafiya a ƙasa su ma ido gare su, ba sai mai mota kaɗai ake yi wa dim ba.

Doka ta san da wannan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta sa saɓa ƙa'idar fitila cikin laifuffukan da take hukunci a kai, kuma lambarta ta gaggawa 122 ce, kowa ya ajiye ta a wayarsa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, babu jami'in da zai tsaya a kowace kwana tsakanin Jahun da Miga ƙarfe ɗayan dare. A wannan lokacin daga kai sai Allah sai yatsanka a kan maɓalli. Addininmu kuwa bai bar hanya ba haƙƙi ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, kame cutarwa na cikin haƙƙoƙin hanya da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya lissafa. Idan kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce, ina ga wanda ya cusa wa ɗan'uwansa makanta a kanta da gangan?

Mu mutanen Jahun muna da wani dalili na musamman. Tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aiki a babban asibitin garin nan a ɓangaren haihuwa da yoyon fitsari, kuma saboda haka ana kawo mata masu naƙuda daga ƙauyuka da garuruwa masu nisa. Naƙuda ba ta zaɓen lokaci. Motar da ka hango tana tahowa cikin dare da sauri, mai yiwuwa mace ce kwance a kujerar baya, jini na zuba, mijinta na riƙe da kanta, direban kuma idonsa ya gaji. Ba ka san wanda ke ciki ba. Wata rana taka ce.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da na masu babura shi ne ku ware bango ɗaya a tasha, a ja masa layi da fenti, a mayar da shi ƙa'ida cewa duk motar da za ta yi lodin yamma sai an haska ta a wurin. Mota mai ido ɗaya, wadda ake ɗauka babur ce har sai an zo dab da ita, kada a ba ta layi sai ta gyara. Masu unguwanni da dagatai, ku taimaka a liƙa wa kowace amalanke sitika mai ƙyalli a baya. Fasinja, idan ka ga direbanka na faɗan fitila da wani, ka yi magana, ranka ne a ciki. Ɗalibai, ku kai wannan lissafin na mita 28 gida ku yi wa yayyenku masu babura.

Kai kuma ɗan'uwana direba, daga daren yau, idan ka hango fitila tana tahowa, kada ka jira shi ya fara. Kai ka fara saukewa.

Allah ya kiyaye mu a hanyoyinmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.